Ruwan da ke Bokitin Gwaggo

Shekara talatin da ɗaya Gwaggo ta yi tana dafa sukari a ɗakin bayan shago, kuma a duk tsawon shekarun nan ba wanda ya taɓa jin ta yabi sukari. Ita a wurinta sukari munafuki ne: ka juya masa baya ya ƙone, ka tsaya a kansa ya fantsalo maka a hannu. Daga wuyan hannunta zuwa gwiwar hannu duk ɗigo-ɗigon tabon ƙuna ne, wani ya tsufa wani na shekaranjiya.

Sana'arta sirop, wato ruwan zaƙi mai kauri da ake dafawa da sukari da wani abin ƙamshi, a ɗura a kwalba. Akwai na citta, na na'a-na'a, na kirfa, na kofi, na lemun tsami da na abarba. A gaban shagon ake zuba shi kan niƙaƙƙiyar ƙanƙara, ko a tsiyaya cokali biyu a madara mai sanyi, ko a jiƙa kek da shi tun kek ɗin yana da ɗumi, ko a kwarara shi kan askirim yara su bi da harshe. Gaban shagon tebur shida ne da kantar sayarwa da firji biyu, ga kwalabe jere a kan katako, kowacce da launinta. Ɗakin Gwaggo kuwa 'yar taga ɗaya ce can sama, sai murhun gas biyu, manyan tukwane uku, wani benci mai gajeriyar ƙafa, da daɓen da kullum yake kama takalmi komai wankin da aka yi masa.

Shagon ba nata ba ne, na ƙaninta ne marigayi. Lokacin da aurenta ya mutu ta dawo gidansa da akwati ɗaya, ba ɗa ba jika, ta tarar da shi da tebur a bakin titi yana sayar da ƙanƙara da wani ruwan kala mai rina harshe. Sau ɗaya ta kurɓa ta tofar.

"Kai, ka ji tsoron Allah," in ji ta. "Shuni kake ɗura wa 'ya'yan mutane?"

Washegari ta ɗora tukunya. Daga tebur aka koma rumfa, daga rumfa aka kama shago. Da matar ƙanin nata ta rasu ta bar yaro ɗan shekara huɗu, Gwaggo ce ta ɗauke shi, ita ce wanka ita ce wanki, ita ce zaman asibiti. Daga bakinsa duk layin suka koyi kiranta Gwaggo, har masu sayen da suka girme ta. Sunan uban yaron ne a allon shago, amma duk wanda ya shigo cewa yake, "A ba ni na Gwaggo." Yaron nan shi ne yau ake kira Manaja, tun ranar da ya gaji shagon ya je ya bugo wani ɗan kati mai ɗauke da wannan muƙamin, alhali ma'aikatan nasa uku ne har da shi.

A faɗi gaskiya, Gwaggo ba ta da daɗin sha'ani. Gaisuwa in ta yi tsawo haushi take ba ta, kuma ba a taɓa mata ludayi. Ba ta awo, ba ta duba agogo. Sukari da ido take zubawa, dahuwa da kunne take ji: in tukunya na ɓararraka da ƙarfi da saura, in sautin ya koma ƙasa-ƙasa yana yin luƙui-luƙui to an kusa. Sai ta ɗigo kaɗan a faranti, ta dangwala da yatsa, ta haɗa da babban yatsa ta buɗe. In ya ja ɗan zare ya tsinke, ta kashe wuta. Kuma ba ta taɓa ɗanɗana sirop da zafinsa ba, sai ta zuba shi kan ƙanƙara, don ta ce sanyi ɓarawon zaƙi ne, abin da ya yi daidai a tukunya salam yake komawa a kofi.

Wata ranar Talata da hantsi Manaja ya leƙo ɗakin yana ɗaga ƙafa kamar mai tsallake kwata.

"Gwaggo, an tashi lafiya?"

"Tun da na ga ka shigo da wannan takalmin na san ba gaisuwa ce ta kawo ka ba. Faɗi abin da ke tafe da kai, citta na kan wuta."

Ya ce ya kama shago na biyu a can ɗaya gefen garin, kusa da manyan ofisoshi. Ya yi nisa da a riƙa jigilar kwalabe, don haka a can za a riƙa dafawa, kuma matarsa ce za ta tsaya a kan tukunya. Abin da yake so shi ne ta zo ta zauna da Gwaggo, duk abin da aka zuba ta auna ta rubuta, a samu littafi.

"Ko ba komai, Gwaggo, ai shekaru sun ja," ya ƙara da cewa. "In abu yana rubuce, ke ma wata rana kya samu ki huta."

Wannan kalmar ta hutu ita ta ɓata komai. Shi dai ya faɗe ta ne ya wuce, ko a jikinsa, amma ita da ita ta wuni. A huta a ina? Ɗakin da take kwana a gidansa yake, abincin da take ci daga tukunyar matarsa yake. Abu ɗaya ne ya sa take ɗaga murya a gidan nan a saurara, shi ne duk sun san in ba ta ɗora tukunya ba shago ba ya buɗewa. To ranar da abin da ke kanta ya koma cikin littafi, ita ta zama wa? Tsohuwa mai faɗa da ake ciyarwa saboda Allah. Tsoro ne ya kama ta, tsoro tsagwaronsa, amma da yake ba ta saba da shi ba sai ta ɗauka fushi ne.

Matar Manaja shekararta goma sha ɗaya a gidan, 'ya'ya uku, amma har yau Amarya Gwaggo take kiranta. Baiwar Allah ce mai sanyin murya, ta taɓa aiki a kantin magani, don haka ta saba da awo. Ta zo da sikeli da agogo da ma'aunin zafi da littafi mai baƙin bango. Gwaggo ta dubi kayan ta ce, "Allura za ki yi wa sukarin ne?" Amarya ta yi murmushi kawai ta ɗaura rigar girki.

Kwana tara suka yi tare. Duk abin da Gwaggo ta ɗebo da ido, Amarya sai ta ce, "Dakata mini, Gwaggo," ta ɗora a sikeli ta rubuta. Kuma Gwaggo ba ta yi mata rowa ba. Ta nuna mata yadda ake gurza citta da ɓawonta, da yadda na'a-na'a ba a tafasa ta, sai an sauke a nutsa ta a rufe, in ba haka ba ta koma warin ciyawa. Ta nuna mata dafa kwalabe a kife su bushe, da goge bakin tukunya da jiƙaƙƙen ƙyalle. Har hannunta ta kama ta koya mata jan zare. Komai ta bayar, in ban da abu ɗaya.

Kullum da sassafe, kafin Amarya ta gama shirya yara makaranta, Gwaggo takan tari ruwa a shuɗin bokitinta, ta yanka lemun tsami ta matse a ciki, ta tace, ta cusa ɓawon can ƙarƙashin shara. Wannan ɗan tsamin shi ke hana sirop mai kauri komawa sukari a cikin kwalba. Ba wanda ya koya mata. A shekararta ta biyu ta gano shi, bayan ta zubar da tukwanen da ba ta san adadinsu ba. Amarya takan zo ta kamfaci ruwan bokitin, ta auna tsaf, ta rubuta "ruwa" a littafi. Ɗakin duk ƙamshin citta da kirfa ne, wa zai tsaya sansana bokiti?

Kada a ce mugunta ta shirya, don ba ita ta shirya ba. Lissafinta gajere ne. Za su dafa a can, abin ya ƙi. Manaja zai zo da ƙafarsa, ya zauna a wannan benci mai gajeriyar ƙafa, ya ce, "Gwaggo, mun kasa." Ita kuma ta wanke shi tas, ta tuna masa wanda ya goya shi, sannan ta ce masa jeka sayo lemun tsami. Iyakar abin da take so ke nan, ta ji daga bakinsa cewa ba a yi sai da ita.

Aka buɗe sabon shago, kwana huɗun farko ba laifi. A rana ta biyar sai ga wani farin abu ya kwanta a gindin kwalaben. Kafin mako ya zagayo na citta ya ƙanƙare, na kirfa ya toshe wuyan kwalba sai an soka tsinke, masu shan askirim suna jin garas-garas a haƙori kamar an zuba yashi. Amarya ta zubar ta sake dafawa, ta bi littafi layi-layi, aka sake maimaita abin. Da ta rasa yadda za ta yi sai ta ƙara ruwa don ya saki. Ya saki ɗin kuwa, amma sirop in ya yi ruwa-ruwa ba ya daɗewa: kwana kaɗan ya fara kumfa yana tashin tsami, har wata rana da tsakar rana murfin wata kwalba ya yi tsalle, na kofi ya wanke wa wata ma'aikaciyar ofis farar riga. Manaja ya dawo gida yana huci, kuma a gaban yara ya ce wa matarsa kwana tara aka yi ana ɗura mata abu a ka amma ko dafa ruwa da sukari ta kasa.

Gwaggo tana ɗakinta ta ji komai, ta ja bakinta ta tsuke.

Bayan kwana biyu Amarya ta zo ɗakin bayan shago da littafinta a hannu. Ta rame, idanunta sun faɗa. Ta gaishe ta, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Gwaggo, wani abu na lura da shi. Na lemun tsami da na abarba ba sa daskarewa, lafiya lau suke. Sauran huɗun ne. Na duba na sake dubawa, na rasa inda na kuskure. Don Allah, ko akwai abin da na tsallake?"

Yarinyar nan taku ɗaya ya rage mata, ga bokitin ma a gefen ƙafarta. Kuma tausayinta ya kama Gwaggo, wallahi ya kama ta, har ta buɗe baki. Amma abin da ya fito daban ne.

"Shi ya aiko ki?"

"A'a, Gwaggo. Bai ma san na zo ba."

"To abin da kika gani da idonki shi ke nan. Wataƙila hannunki ne abin bai karɓa ba."

Amarya ta daɗe tana kallon littafin. Sannan ta ce, "To, Gwaggo. Na gode," ta juya. Gwaggo ta ci gaba da gurza citta har ta gurje fatar yatsanta, tana faɗa wa kanta cewa gobe ko jibi Manaja ma zai zo, in ya zo komai ya wuce, ita ma yarinyar a wanke ta daga zargi.

Bai zo ba. Mako ɗaya, biyu, uku, kullum sai ta goge bencin nan. A gida zai gaishe ta a tsaitsaye ya wuce da waya a kunne. Ita kuwa tana ganin taurin kai ne irin na ubansa, kuma a taurin kai ai ita ce babba.

Ranar wata Laraba wajen ƙarfe goma sha ɗaya wata farar mota ta tsaya a ƙofar shago, aka fara sauke kwalaye. Gwaggo ta leƙo da ludayi a hannu. Manaja ya farke kwali ɗaya, sai ga dogayen kwalaben kamfani, kowacce da ɗan famfo a ka, ka danna ya tsarto. Na citta, na na'a-na'a, na kirfa, har da wasu launukan da ba ta san sunan abin da suke kwaikwayo ba.

"Na can shagon ne aka sauke a nan?" ta tambaya.

"Na duka biyun ne, Gwaggo."

Ta ce ya biyo ta ciki. Ya biyo ta, amma bai zauna ba. Nan ta faɗa masa komai, a tsaye, da sauri, kamar mai amai: bokitin, lemun tsamin, ɓawon da take cusawa a shara. Abin da ta riƙe shekara ashirin da tara, ashe ko minti ɗaya bai cika ba wajen faɗa. Ta ce littafin Amarya daidai yake, ba ta tsallake komai ba, layi ɗaya kawai za a ƙara. Ta ce ya mayar wa mutanen kamfanin da kayansu, gobe-gobe ita da kanta za ta shiga mota ta je can ta dafa.

Da ya yi mata ihu da ya fi mata sauƙi. Bokitin kawai ya tsaya yana kallo.

"Lemun tsami," in ji shi a hankali. "Gwaggo, kin san abin da na faɗa wa matata a kan lemun tsami?"

"Na ji. Ni zan ba ta haƙuri."

"Ta zo wurinki?"

"Ta zo."

"Kika ce mata me?"

Gwaggo ta ajiye ludayin. Ya shafa kansa ya sauke numfashi.

"Na riga na sa hannu da mutanen nan, shekara biyu. Amma ko ban sa ba, Gwaggo, kin ga abin da nake gudu ke nan. Shago biyu, iyalina, ma'aikata, duk a rataye a wuyan mutum ɗaya, ranar da ya ga dama ya riƙe. Da ina tunanin rashin lafiya ko tsufa ne zai tsayar da mu. Ban taɓa kawo wannan ba."

"Ni fa so nake kawai ka zo ka tambaye ni."

"Ai na tambaye ki, Gwaggo. Na shigo nan na tambaye ki, na turo miki matata kwana tara."

Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar yaron da ka share wa majina ta fi ta kowa ciwo. Citta na kan wuta a lokacin, ba wanda ya tuna da ita sai da ƙauri ya cika ɗakin.

Ta ba Amarya haƙuri kamar yadda ta ce. Amarya ta ce babu komai, ya wuce. Har yau tana gaishe ta safe da yamma, tana kai mata abinci a kan lokaci, amma ajiyewa take ta fita. Littafin mai baƙin bango yara suka samu, suna zane a bayan shafukansa.

Cikin mako guda aka kwance murhunan, aka kai tukwanen gida, aka kankare daɓen aka jera kwalaye har rufi. Sai dai Manaja ɗan kasuwa ne, ya san abin da mutane ke zuwa nema. Kwalaben kamfanin ba sa fitowa gaban shago. Da safe ake juye su a tsofaffin kwalaben Gwaggo a jera a kan katako kamar kullum. Ita kuma ya sa aka ɗinka mata sabuwar farar rigar girki, ya ajiye mata kujera mai hannu kusa da kantar sayarwa, inda duk mai shigowa zai fara ganinta.

"Ki zauna kawai ki riƙa amsa gaisuwa," ya ce. "Mutane suna son ganinki."

Ta fahimci aikin sarai, ba sai an yi mata bayani ba. Ta karɓa kuwa, don in ta ƙi, ɗakin kwana ne ya rage mata daga safe har yamma. A ranta ta ce ba komai, a bar su. Mutanen da suka shekara da shekaru suna shan abin hannunta ba za a rufe musu baki da turare da kala ba. Kurɓa ɗaya za su yi su ajiye kofi su ce me ya faru, kuma a ranar ko ba ta ce uffan ba Manaja zai ji da kunnensa.

A kwana na uku da zamanta wani tsohon direba ya shigo, mutumin da ya fi shekara ashirin yana shan na citta da ƙanƙara duk ranar da ya dawo daga doguwar tafiya. Ya gan ta ya washe baki.

"A'a, yau Gwaggo ce a waje? Lallai mun yi sa'a. A ba ni nawa na kullum."

Aka tsiyayo masa. Daga inda take zaune tana jin warin abin, wani zaƙi-zaƙi mai hawa ka, wanda ko a mafarki bai taɓa haɗuwa da citta ba. Ta ƙura masa ido. Ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya haɗiye. Ya sake kurɓa, ya lumshe ido, ya jingina da kujera.

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "Na zaga garuruwa, Gwaggo, amma babu mai dafa citta kamar ke. Wannan da ji sabon dahuwa ne. Yau da safe kika sauke shi, ko?"

Ba ƙaryar da ake jira ta yi ce ta fi yi wa Gwaggo ciwo ba. Abin da ya ƙona ta shi ne mutumin nan da zuciya ɗaya yake magana: shekara ashirin tana zaɓar masa citta ɗaya-ɗaya a kasuwa, tana tsayuwa a kan wuta saboda harshe irin nasa, ashe bai taɓa sanin bambanci ba. Manaja da ke bayan kantar ya daina goge kofin da ke hannunsa, yana kallonta.

"Yau da safe," in ji Gwaggo. "Da kaina."

Direba ya ɗaga kofinsa ya ce a ƙaro masa na biyu.